Kuɗin giya ko kuɗin kujera? Wasiƙa daga Shefild

Yaya, ina gaisuwa. Da fatan Mama tana samun sauƙin ƙafar, a gaishe min da madam da yara.

Ran Lahadi ka tambaye ni wai da gaske ne kofin giya ɗaya a nan ya kai naira dubu goma. Na ce maka e, sai layi ya yanke, kuma na san kafin gari ya waye labarin ya zagaye majalisarku ta Anguwan Rukuba cewa ƙaninka ya je Ingila ya zama almubazzari. To ga sauran zancen.

Ma'aunin da suke sayarwa da shi sunansa fayint, mililita 568, wato bai ma cika kwalbar Star ɗinmu mai 600 ba. A mashayun Shefild da nake zuwa ina biyan fam 4 zuwa 5 a kan ta gargajiyarsu, fam 6 ko 7 a kan ta zamani, a Landan kuwa abin ya fi haka. Idan ka buga fam ɗaya a kusan naira dubu biyu, dole kanka ya sara. Ni na daina wannan lissafin tun watana na uku, don da shi ko burodi ba zan iya saye ba. Da awa nake aunawa yanzu. A Afrilun 2025 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan fam 12.21 a awa, kuma mu masu aikin kula da tsofaffi ba mu yi nisa da shi ba. Kofi ɗaya ke nan yana cin kusan rabin awa na ɗaga tsoho da kwantar da shi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne giyar da suke ta kururutawa, ta ƙananan masana'antu, wadda mutum biyar ko goma ke dafawa a wani tsohon sito su sa mata suna mai ban mamaki. Yaya, burkutu ce ta samu takardar shaida. Su sha'ir suke jiƙawa ya tsira, mu dawa. Su shanya tsiron, su niƙa, su dafa, su bar shi ya tashi, kamar dai yadda Goggo ke yi a bayan gida, sai dai tukunyarsu ta ƙarfe ce mai ƙyalli, kuma suna zuba wani fure mai ɗaci da ƙamshi da ake kira hops. Har ɗanɗanon kyauta suna bayarwa. Ranar da wata mai sayarwa ta miƙo min ɗan kurɓi a ƙaramin gilashi ta ce in gwada kafin in biya, sai na tuna ɗan ƙoƙon da ake fara miƙo wa baƙo a gidan burkutu. Na gaya mata haka, ta ce tana so ta ɗanɗana tamu. Na ce sai dai ta yanki tikiti, domin tamu ba ta kwana biyu a hanya.

Wani abokin aikina ɗan asalin garin, dattijo mai kusan shekara sittin, shi ya fara kai ni unguwar Kelham Island, inda a da masana'antun ƙarfe suke. Akwai wata mashaya a wurin, Kelham Island Tavern, da ta ci kambun mashaya mafi kyau a duk Birtaniya shekara biyu a jere, 2008 da 2009. Masu ba da kambun wata ƙungiya ce, CAMRA, da aka kafa a 1971 lokacin da manyan kamfanoni suka kusa kashe giyar ganga ta gargajiya. Ka ji mutanen da suka kafa ƙungiya don kare abin shansu. Daga baya a 2002, Gordon Brown yana ministan kuɗi, aka rage wa ƙananan masu dafawa haraji, shi ne suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina.

Ita giyar gangar da ranta ake kawo ta, yis ɗinta na aiki a ciki. Suna ajiye ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su jawo ta sama da famfon hannu irin namu na tuƙa-tuƙa. Mai sayarwa zai ja sau huɗu ko biyar, ya dakata kumfa ta kwanta, ya cika. Kurɓin farko na ɓata fuska. Mu da muka saba cewa a kawo mana mai raɓa, wadda hannu ke manne wa kwalba, ga abu an ba ni mai sanyin ruwan randa, babu iskar da ke sa gyatsa. Dattijon ya ce in yi haƙuri in kai rabi. Gaskiyarsa. Sanyi mai yawa ashe ɓoye ɗanɗano yake yi. Akwai wata Moonshine ta kamfanin Abbeydale na nan garin, mara nauyi, mai ƙamshin lemo, ita na riƙe. Idan an buɗe ganga kuma dole a shanye ta cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ta lalace. Nan ma sak burkutu.

Inda na ƙone shi ne wani sabon wuri da ba zan kama sunansa ba, mai fitilu a rataye da kujerun katako marasa majingina. Allo cike da sunaye, farashi a gefe. Na nuna wata, yaron ya ce fam 7 da rabi. Sai da ya ajiye na ga gilashin ƙarami ne, kashi biyu cikin uku na fayint, ashe an rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ga ta a murtuke kamar kunun zaki, ga tsami har cikin kunne. Da Goggo ce ta sayar wa mutum wannan, da sai an yi mata tsiya a kasuwa cewa kwantai ta kawo. Yaron kuwa yana ta yi min bayani wai da gangan aka tsamama ta. Na shanye, tunda na biya.

Ba duka ta zamanin ce yaudara ba. Irin wadda suke kira IPA, kamar Jaipur da ake dafawa a Bakewell nan kusa da mu, ɗacinta mai daɗi ne, ya kan tuna min da miyar shuwaka da aka wanke daidai. Sai dai tana da ƙarfi, kashi 5.9 cikin ɗari, kuma gwargwadon ƙarfin giya ake yanka mata haraji. Ƙara da harajin kaya na kashi 20 cikin ɗari, da hayar wuri, da wuta, da albashin yaran, ka ga inda fam shidan ya tafi.

A kanti kuwa gwangwanin irin wannan giyar bai kai rabin kuɗin mashaya ba. Har Guinness ɗinmu ta Najeriya mai kashi 7.5 suna sayarwa, kuma Turawan da suka san ta suna girmama ta. Idan na gaya musu dawa ke cikinta tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai su saki baki.

Me ya sa ban saya in sha a ɗaki ba? Na gwada. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. Ba dakali, ba gindin mangwaro, ba teburin mai shayi, maƙwabcina na shekara biyu ban san sunansa ba. Ka zauna kai kaɗai da gwangwani kana kallon bango, wannan hanyar lalacewa ce, kuma na ga 'yan gida da suka bi ta. A mashaya da kofi ɗaya za ka yi awa biyu a wuri mai ɗumi, ba wanda zai harare ka. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta wajabta musu su ba ka. Ba hayaƙin taba tun 2007. Akwai wani ɗan Kano da muke aiki tare, bai taɓa kai giya bakinsa ba, amma ya kan biyo mu ranar albashi ya sha lemonsa na fam 3 yana mita, wai kuɗin kiret guda ne a Sabon Gari. Shi ma kujerar yake biya.

Hidima kam tamu ta fi. Nan ba mai zuwa teburinka. Kai za ka tashi ka tsaya a kanta, ka biya da kati nan take, ka ɗauko da hannunka. Babu tara kwalabe a ƙarƙashin tebur a ƙirga a ƙarshe, babu "rubuta min sai ƙarshen wata". Kusan ƙarfe sha ɗaya a kaɗa ƙararrawa, kowa ya kama gabansa. Ga kuma al'adarsu ta zagaye: in ku shida ne, kowa sai ya saya wa duka shidan sau ɗaya. Ranar farko ban sani ba, na ga ana ta ajiye min, ina ta godiya ina cewa Turawan nan akwai kirki. Da layi ya zo kaina fam 34 ta tashi. Yanzu tun daga ƙofa nake cewa ni nawa zan saya, kuma ba wanda ya taɓa jin haushi.

Don haka ka gaya wa 'yan majalisa: sau ɗaya a mako, ran Alhamis in ba ni da aikin dare, fayint biyu na giyar ganga, ƙasa da fam 10. Wannan ban ga asara a ciki ba. Ƙananan gilasan fam bakwai kuwa na bar wa masu su.

Abin da na kasa sabawa da shi shi ne abin taɓawa. Ba tsire, ba farfesun kayan ciki, sai soyayyen dankali na leda da gyaɗa mai gishiri. In ka ji mai tahowa, a haɗo min yajin tsire daga wurin mutumin nan na Terminus, gwangwani biyu. Kada Mama ta ce za ta cusa kilishi a ciki, a filin jirgi za su ƙwace.