Na ga oba-obar yaƙin Hitila a Ingila, na tuna shagon Yaya

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ranar Asabar na je wani fili a Kent inda Turawa ke kwaikwayon yaƙin duniya na biyu. Ga dattawa cikin kaki, ga tantuna, ga ramuka. Ni dai tantin 'yan sadarwa ya tsayar da ni, don na san da kana nan, nan za ka yini.

Wani tsoho ya miƙo mini tarhon fagen daga na sojan Amurka, EE-8, cikin jakar fata. Batir biyu manya irin na tocila, sai waya mai sili biyu da aka ja ta cikin ciyawa. Na murza hannun tarhon kamar mai niƙan markaɗe, can ƙarshen fili ƙararrawa ta kaɗa, muka gaisa tangaram. Babu kati, babu jiran sabis. Kusa da shi ga rediyon tankar yaƙi ta Ingila, mai lamba 19, wadda aka fara aiki da ita a 1941. Kwalaben bawul ne a cikinta, irin na rediyon da, sai sun ɗau zafi kafin ta yi magana. Ita kam ba a aika saƙo da ita sai da lasisi daga Ofcom, hukumar sadarwa ta ƙasar.

Da na ce masa daga Zariya nake, garin barikin Chindit, sai ya miƙe tsaye. Ya san bataliyoyin Nijeriya uku sun yi yaƙin Burma cikin rundunar Chindit a 1944. Kunya ta kama ni, sau nawa na wuce ƙofar barikin nan ban taɓa tambayar asalin sunan ba.

Kayan gyara kam a nan ba a magana. Bawul ɗin da ya girmi Baba, ka yi oda ta intanet, cikin 'yan kwanaki yana bakin ƙofa. Mai gyaran ne babu. Tsohon ya ce rediyonsa ta yi wata huɗu a layi wajen wani gwani, kuma da awa ake lissafin kuɗin aiki. Na ce masa yayana a Sabon Gari, da dalma da mita, kafin la'asar ya gama, har ya sayo maka fura kana jira. Bai yarda ba.

Don Allah ka ɗauko mini hoton teburinka, da tarkacen da komai. Na yi masa alkawari.