Gidan robobi ko na bulo, da maganar tsohon katako

Ɗan'uwa da ya tambaya wai wanne ya fi sauƙi tsakanin gina gida da robobin ruwa da kuma bulo, sannan ko tsohon katako zai yi rufi, to ga abin da na sani.

Gidan robobi ba tatsuniya ba ne, an yi shi a Yelwa kusa da Kaduna tun 2011, wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira DARE ce ta yi, da dabarar wani Bajamushe Andreas Froese wanda ya fara irin wannan gini a Honduras. Robobi wajen dubu 14 gida mai ɗaki biyu ya ci. Ana ɗura busasshen yashi ne a kowace roba a danna shi sosai sai ta yi tauri kamar dutse, a jera su a kwance, a ɗaure wuyansu da igiya, a cike tsakani da laka ko siminti. Bangon yana da kauri, shi ya sa ɗaki ke yin sanyi, wanda duk wanda ya kwana a ɗakin bulo a watan Afrilu ya san bulo ba ya da wannan kirkin.

Amma fa arhar nan da ake ta yayatawa tana da sharaɗi. Robar ce kawai ta banza, ita ma yanzu ba banza ba ce tunda masu kunun aya da zoɓo da 'yan bola jari duk nemanta suke. Kuɗin yana wajen hannu, ka zauna ka lissafa mutum nawa za su ɗura roba dubu 14 ɗaya bayan ɗaya, in kana da ƙanne da yaran unguwa da za su taya ka to ka ci riba, in kuwa leburori za ka biya kullum wallahi kana iya tashi daidai da mai bulo ko ka wuce shi. Ga fandisho da linta da rufi duk sai ka yi su kamar kowa, kuma dole a yi filasta don rana tana cin roba. Bulo tsadarsa siminti ne, amma kowane magini ya iya shi kuma cikin 'yan kwanaki bango ya tashi. Maginin robobi sai ka nema.

Ni a ganina inda za ka rage kuɗi na gaske katako ne. Sabon katako da yawa ɗanye ake sayar da shi, ka buga yau bayan wata biyu ya murɗe ya ɗaga kwano. Tsoho ya riga ya bushe, ya gama duk motsin da zai yi. Matsalarsa gara da kusoshi. In za ka saya ka je da kafintanka, a ƙwanƙwasa kowanne, wanda ya yi ƙarar holoƙo ko gari yake zuba daga ƙananan ramuka a bar shi ko kyauta aka ba ka, don zai kawo maka gara cikin sauran. A cire kusa, a yanke bakin da ya ruɓe, a shafa maganin gara. Katakon da aka tare kankare da shi wajen zuba rufin dakin (decking), wanda siminti ya manne, ya yi ƙofar kewaye ko rumfa amma kar ya ɗauki nauyin rufi. In ka samu azara ta giginya daga tsohon soro ka saya da gudu, gara ba ta cika iya mata ba.

In ɗaki ɗaya ne ko katangar gida gwada robobi ka gani, gida sukutum kuwa ka fara tara hannu kafin ka tara roba.