Bashi ya yi miki katutu: sake tsari da banki, zaman sulhu, ko shelar karayar arziki?

Wata 'yar uwarmu mai ɗinki a Kubwa da ke Abuja ta yi tambaya jiya. Bankin ƙananan lamuni yana bin ta naira dubu 300 da ta karɓa ta sayi keken ɗinki da yadi, wata manhajar bashi ta waya kuma tana bin ta dubu 60, ga kasuwa ta ja baya. Ta ji an ce a ƙasar waje ana yafe wa talaka bashi, shi ne take son sanin ko akwai irinsa a nan, da kuma ƙofar da za ta fara ƙwanƙwasawa.

'Yar uwa, Allah ya yaye miki. Abin da kika ji gaskiya ne, amma a Ingila yake. A can wanda bashinsa bai wuce fam dubu 50 ba, kuma abin da ke rage masa a wata bayan ci da haya bai wuce fam 75 ba, yana iya neman a dakatar da masu bin sa na wata 12, daga nan a shafe bashin in halinsa bai sauya ba. Mu a Najeriya ba mu da wannan. Gara in faɗa miki tun yanzu, don kada wani ya karɓi kuɗinki da sunan zai sa a goge miki suna.

Abin da ke hannunmu hanya uku ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko, ki koma wa bankin da kanki ki nemi a sake tsara biyan. Ita ce mafi araha, ba lauya, ba kotu. Abin da za ki roƙa shi ne a tsawaita wa'adi, a rage abin da kike zubawa kowane wata, a kuma tsayar da tarar jinkiri. Illarta ita ce wa'adi in ya yi tsawo, ruwan da ke kai yakan ƙaru, sai ki samu sauƙi yau amma jimillar ta fi ta da. Don haka kada ki tashi daga gaban jami'in sai ya rubuta miki jimillar abin da za ki biya har ƙarshe. Alkawarin baki ba ya tsare ki ranar da aka yi masa canjin reshe. Kuma guje musu ba ya amfani: tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ya ba mai ba da lamuni damar bin lambar BVN ya ciri kuɗinsa daga asusunki na wani bankin, muddin kin sa hannu kan wannan izini lokacin karɓar bashin. Uwar kuɗi da ruwanta kawai tsarin ya yarda a cira, ban da tara. In kika ga an zaftare fiye da haka, ki rubuta wa bankin ƙorafi, in mako biyu ya wuce shiru, ki kai sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin.

Ta biyu ita ce zaman sulhu. Babbar Kotun Birnin Tarayya tana da cibiyar sulhu tun 2003, kuma mutum na iya zuwa da ƙafarsa ko da ba a shigar da ƙara ba. Bambancinta da ta farko shi ne akwai mai shiga tsakani da ba ya cin albashin banki, sannan yarjejeniyar da kuka cim ma, in alƙali ya sa mata hannu, ta zama hukunci. Ba wanda zai dawo gobe ya ce ba haka aka yi ba. Amma wuƙar baki biyu gare ta: ke ma in kika saɓa, da wannan takardar za a bi ki. Kuma sai ɗaya ɓangaren ya yarda ya zo. Ni a ganina, wannan ta fi dacewa in bankin ya ƙi sauraronki, ko kuna jayayya a kan adadin. In ba ki da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa tana nan Abuja saboda marasa ƙarfi.

Ta uku, shelar karayar arziki, tana cikin doka tun 1979, amma a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, da lauya, kuma ana iya sayar da kadarorinki a raba wa masu bin ki. Ba ta bashin dubu 360 ba ce. Ki ajiye ta gefe.

Manhajar nan kuwa lamarinta daban ne, kuma shi ya fi ci mini rai. Ƙanina ya taɓa cin bashin wata, kwana uku da wucewar wa'adi sai ga hotonsa a wayar surukarsa an rubuta ɓarawo. Da idona na ga yadda hannunsa ke rawa yana nuna mini saƙon. Wannan ba hanyar karɓar bashi ba ce. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni rajista tun 2022, kuma tana karɓar ƙorafi. Ki adana hoton kowane saƙon barazana da lambar da ta turo shi. Ƙorafin ba zai goge dubu 60 ɗin ba, cin mutuncin zai tsayar. In kuma sun ce za su turo miki ɗan sanda, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi kawai. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ci bashin wata manhajar don ki biya wannan.

Kada kuma kunya ta hana ki zuwa wurin kwamitin zakka na masallacin Juma'arku. Wanda bashi ya danne yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, haƙƙinki ne, ba bara ba.

Da ni ce ke, ranar Litinin da safe zan rubuta wasiƙar neman sake tsari kwafi biyu, in kai reshen, in tsaya har a buga hatimi a kan nawa kwafin kafin in koma shago.