Tsohon Inji: A Sa Ringi Kawai, Ko A Kai Shi Gundura?

Idan injin tsohuwar mota ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, mai ƙaramin ƙarfi yana da hanya biyu.

Ta farko mai sauƙi ce: a sauke inji, a goge cikin silinda, a sa sabon ringi (zoben da ke jikin fistin) da metal (ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa) da gasket. Kuɗi kaɗan, aikin kwana biyu ko uku. Amma fa sai silindar ba ta ci sosai ba. Sa farcenka a bakinta daga sama. In ya maƙale a wani tudu, ƙarfen ya zaizaye, sabon ringi ba zai zauna daidai ba, kuma hayaƙin zai dawo.

Ta biyu ita ce a gundure silinda, wato a rarake cikinta, a ƙara mata faɗi kamar milimita 0.50, a sa fistin mai girman da ya dace, a kuma daidaita karanshaf. Tana cin kuɗi, ba shakka, amma injin na asali ya ci gaba da zama a motar, abin da masu son tsofaffin motoci ke darajantawa ƙwarai.

Ni dai ba na sayen komai sai an auna silinda da ma'auni. In ta ci, gundura nake zaɓa, ko da zan jira wata uku in tara kuɗin.