Hayar gida mai kaya a Hayyul Ashir: shekara biyu mu huɗu a ciki

Tun da na zo Daura hutu, kusan kullum bayan la'asar sai wani ya tare ni da zancen masauki a Alƙahira. Jiya ɗan Kawu ne, wanda ya samu gurbi a Azhar, ya ce, "Yaya, Baba ya ce in tambaye ka, in kama ɗaki ni kaɗai ko in shiga cikin mutane?" Na ga gara in rubuta kowa ya karanta.

Mu huɗu muka kama gida mai ɗaki biyu da falo a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr, unguwar da ɗalibai baƙi suka yi yawa. Irin wanda Misirawa ke kira mafrusha ne, wato da kayansa: gadaje, firji, murhu, injin wanki. Dillali ne ya kai mu, can simsar ake ce masa. Ya karɓi la'adarsa, mai gida ya karɓi kuɗin wata, sannan da kuɗin ajiya na wata guda da suke kira ta'amin, wanda ake mayarwa ranar fita idan ba a ɓata komai ba.

Gidan kansa ban da abin cewa. Gas ta bututu yake zuwa, ruwa bai taɓa yanke mana na kwana guda ba, wuta kuma da kati ake saye. Ga masallaci a bakin layi. Wanda ya sauka da jaka ɗaya zai kwana a kan katifa a daren farko, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo.

Inda muka ji jiki shi ne takarda. Neman iƙama, wato izinin zama a ƙasar, ya buƙaci yarjejeniyar haya da aka yi wa rajista, mai gidanmu kuwa ya yi ta yi mana gobe-jibi har kusan wata biyu. Na biyu, ba mu rubuta halin da muka tarar da kayan ba. Kujerar falo da ƙafarta a karye muka same ta, amma da muka zo sabunta haya sai aka ce mu muka karya, aka cire daga ta'amin. Abin ya ƙona min rai, domin kuɗin gumin iyaye ne. Wanda zai shiga ya ɗauki hoton komai, har fanfon banɗaki, a rubuta, mai gida ya sa hannu.

Sai tsada. Bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane suka kwararo Masar, haya ta tashi. A Maris 2024 kuma fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala. Mai gida ya nemi ƙari tun wa'adi bai cika ba, takardar nan da muka sha wahala a kanta ita ta tsare mu.

Amma ni a ganina abokan zama sun fi gidan muhimmanci. Biyu 'yan Katsina ne, ɗaya ɗan Damagaram. Watan farko mun yi ta samun saɓani a kan wanke-wanke da baƙi masu kwana ba sanarwa. Sai muka zauna muka buɗe asusu na cefane da katin wuta, muka raba girki kwana-kwana, baƙo kuma kada ya wuce kwana uku sai da yardar kowa. Daga nan aka samu lafiya. A Janairu, da sanyi ya kwantar da ni (gidajen can ba su da abin ɗumama ɗaki, tayil kamar ƙanƙara), ɗan Damagaram ɗin nan ne ya riƙa dama min kunu, ya raka ni asibiti da dare.

Ɗan Kawu na ce masa kada ya kama shi kaɗai a shekarar farko. Gado ɗaya zai tashi a wurinmu idan ɗayanmu ya kammala, ya zo da bargo mai kauri, da kuka da daddawar da za su kai shi wata shida.