Gargaɗi ga matan Maraɗi kan mai allurar "daidaita fuska"

Assalamu alaikum ƴan uwana mata, musamman iyayen amare da ƙawayensu, da abokan sana'ata masu ƙunshi da kwalliya da gyaran jiki. Akwai wata mata da ke shigowa garin nan tana kiran kanta Dokta, tana yi wa mata allura a fuska da sunan daidaita fuska. Ba likita ba ce. Kama sunanta ba zai amfane ku da komai ba, don sunan da take amsawa a TikTok daban ne da na WhatsApp, lambar waya kuma tana canza ta duk zuwa. Salonta ne ba ya canzawa, shi zan faɗa muku.

Tallarta hotuna biyu ne a jere. A na biyun haɓa ta ɗan fito, karan hanci ya miƙe, kumatu sun ciko, leɓe ya ɗan yi tudu. A ƙasa sai ta rubuta cewa babu wanda zai gane an taɓa fuskarki, ko maigida. Wannan alkawarin shi ke kama mutanenmu, domin macen garin nan ba ta son a nuna ta a gidan biki a ce ta yi aiki a fuska, ta fi so a ce hutu ya karɓe ta. Ku duba hotunan da kyau: ɗakunan da ke bayan matan, da kayan jikinsu, babu ko ɗaya da ya yi kama da na nan. Daga shafukan likitocin wasu ƙasashe ake kwaso su, a yanke sunan mai shi.

Ba ta da mazauni. Takan kama ɗaki a wani gidan haya ko a bayan wani shagon gyaran gashi na ƴan kwanaki, ta fi zuwa gab da azumi da bayan Sallah lokacin da bukukuwa suka yi yawa. Sai ta sa a status cewa gurbi kaɗan ya rage, mai so ta tura rabin kuɗi ta kamfanin aika kuɗi, da sunan wani namiji wai ƙanenta. Wasu a nan nasu ya ƙare, sun tura, an toshe su. A ganina waɗannan su ne suka tsira, sefa kawai suka rasa.

Na san ta ne domin da ƙafarta ta zo shagona. Bayan gaisuwa ta ce, "Tanti, ai duk amaren unguwar nan ta hannunki suke bi. Duk wadda kika turo mini, kina da kasonki." Na ce ta nuna mini kayan. Ta zuge jakar hannu, sai ga ƙananan kwalabe, wasu da rubutun da ba Faransanci ba ba Ingilishi ba, wasu ko takarda babu, ga sirinji da aka riga aka ɗura wa abu an naɗe a leda. Na ce, "Madam, a wane asibiti kike aiki?" Ta ce a Dubai ta yi karatu, ta nuna mini hoton takardar shaida a waya. Na ce to idan allura ta ba da matsala me kike yi? Ta yi dariya ta ce hannunta bai taɓa ba da matsala ba, kuma nata maganin na dindindin ne, ba irin na asibiti da ke bajewa a ci kuɗin mutum banza ba.

Aikin kansa akwai shi a duniya, likitocin fata da na gyaran jiki suna yin sa, kuma abubuwa biyu ne da ita take haɗawa wuri ɗaya. Na farko Botox, wanda ake samu daga gubar wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Ɗan mitsitsi ake sawa ya sassauta naman da ke tattare goshi. A 2002 Amurka ta amince a yi amfani da shi don kwalliya. Ba ya cika kumatu, ba ya fito da haɓa. Aikinsa na bayyana cikin kwana 3 zuwa 14, ya tafi bayan wata 3 zuwa 4. A busasshe yake zuwa cikin kwalba, ana ajiye shi a firigo tsakanin digiri 2 da 8. Ku da kanku ku auna: Maraɗi a Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kuran na zuwa yana ɗaukewa, ita kuma nata yana cikin jakar hannu a bayan kabu-kabu.

Na biyu shi ne abin cikawa, wanda suke kira fila. Wanda likitoci suka fi amfani da shi wani abu ne mai yauƙi da ake kira asid hiyaluronik, irin su Restylane da Juvéderm. Yana zuwa a rufe cikin kwalinsa, yawanci mililita 1 a sirinji, da lambar kamfani da ranar lalacewa, a buɗe shi a gabanki, kuma na mutum ɗaya ne. Jiki na cinye shi a hankali cikin wata 6 zuwa 18. Bajewar nan da take kushewa ita ce rufin asirinsa, kuma yana da makari, wata allura mai suna hiyaluronidas da ke narkar da shi idan ya shiga inda bai dace ba. Duk wadda ta ce miki nata na dindindin ne, ta gaya miki da bakinta cewa ba wannan ba ne. Abin da ke zama dindindin irin su ruwan silikon ne da mai, kuma ba su da makari. Suna iya yin shiru wata da watanni, har shekaru, sannan su yi ƙulli mai tauri ko su gangara ƙasa. Cire su sai da wuƙar likita, ita ma ba lallai ta kwashe duka ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hanci, don shi ƴan mata suka fi nema. Jijiyoyin jini na hanci da na tsakanin gira suna haɗe da jijiyar da ke kai jini ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin ɗaya aka tura maganin, yana toshe hanyar jinin. In fata ce ta rasa jini, wurin zai yi fari fat, ya yi zafi mai tsanani, daga baya ya yi shuɗi-shuɗi ko baƙi, naman ya mutu. In ya bi ta ido, gani na ɗaukewa nan take, kuma da wuya ya dawo. Garin neman gira a rasa ido ke nan, ba da karin magana ba. Ƙwararrun da suka shekara suna karantar jijiyoyin fuska ma suna taka-tsantsan da wannan wuri, da makari a kan teburinsu. Ita ko sunan makarin ba ta sani ba.

Wata amarya da nake yi wa gyaran jiki ta je wurinta a ɓoye, ƙawa ce ta kai ta. Haɓa aka yi mata. Wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗauki zafi. Ta kira, aka ce ta ɗora ƙanƙara, kumburin alama ce magani na aiki. Da ya fara ruwa ta sake kira, lamba a kashe. Yarinyar nan ta ce wa mahaifiyarta haƙori ne, aka yi ta ba ta maganin haƙori. Da aka kai ta asibiti ma haƙorin ta fara ce wa likita, sai da ya matsa ta faɗi gaskiya. An tsaga an fitar da mugunya, ta yi bikinta cikin lulluɓi har ƙirji, yanzu tabo ne a wurin da ƙulli a ƙarƙashinsa. Kuma har yau gidansu sun hana a kai ƙara, kada dangin miji su ji. Mai allurar nan ta san mu sarai. Ta san amarya na da ranar da ba ta ɗaguwa, ta san wadda abin ya lalace wa za ta sa niƙabi ta yi shiru. Da kunyarmu take cin abinci, shi ya sa take iya dawowa gari ɗaya ba ta tsoron kowa.

Akwai kuma maganar allurar da ake zuƙo wa mutum da yawa daga kwalba ɗaya. Ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke bi. A jihar New Mexico ta Amurka an rufe wani gidan kwalliya marar lasisi a 2018, daga baya bincike ya gano wasu mata sun ɗauki ƙanjamau ta allurar fuska da aka yi musu a can. A Afrilun 2024 hukumomin lafiyar ƙasar sun yi gargaɗi kan jabun Botox, bayan mata a jihohi da dama sun kamu da gani bibbiyu, faɗuwar fatar ido, wahalar haɗiya da ta numfashi, har aka kwantar da wasu. Faransa kuwa tun Yulin 2024 ba a sayar da asid hiyaluronik na allura sai da takardar likita, saboda ɓarnar masu allurar ɗaki. Ƙasashen da ke da masu sa ido ke nan. Mu da kaya ke shigo mana ta Ɗan Isa da sauran hanyoyi cikin kwali da buhu, wa ya duba abin da ke cikin kwalbar?

Abokan sana'ata, ku ma tana farautarku. Ta fara tallar koyarwa ta kwana uku, ki biya a ba ki takarda da kayan aiki, har da wata na'ura mai kamar alƙalami da ke harba maganin cikin fata da ƙarfin iska, wai tunda babu allura babu haɗari. Hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wannan na'urar tun Oktoban 2021. Takardar kwana uku ba ta mayar da mai kitso likita, kuma ranar da fuskar ƴar mutane ta lalace a shagonki, ke za a kama, ita tana wata ƙasa. Kason da take ba masu turo mata amare ma, wadda ta karɓa ta sani da hannunta a ciki.

Wadda ta ƙudura sai ta yi, ta nemi likitan fata ko na gyaran jiki mai rajista da hukumar likitoci, a cikin asibitin da gobe za ta koma ta same shi. Ta ga kwalin a rufe, ta ɗauki hoton lambarsa, ta tambaya ko akwai makari a ɗakin. Mai ciki da mai shayarwa su haƙura, likitan kirki ma ba zai yi musu ba.

Wadda kuma an riga an yi mata, don Allah ƴar uwa kada ki matse wurin, kada ki kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho, kada ki shafa komai. Idan fata ta canza launi, ko zafi na ƙaruwa, ko gani ya dushe, ko haɗiya da numfashi sun yi nauyi, a tafi babban asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne, ba a jira wayewar gari. Ki faɗa wa likita gaskiya tun daga bakin ƙofa: allura ce, rana kaza, wuri kaza. Ki riƙe takardar tura kuɗi da saƙonnin da kuka yi da hoton kwalbar in kina da shi, a kai kwamisariya. In kina jin nauyin zuwa ke kaɗai, ki sami yayarki ko gwaggonki ta raka ki.