Shagon da ya buga mana takardun zaɓen ƙungiya, ga yadda muka ƙare da su

Tun ranar Lahadi ake ta tambayata a WhatsApp ina muka buga takardun ƙuri'ar zaɓen biron ƙungiyarmu ta matasan unguwa, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Wani ɗan shagon fotokofi ne can wajen jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ba zan kama suna ba tunda akwai inda zan ɗan taɓa su.

Mu dai shekara da shekaru ɗaga hannu muke. A shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan mai unguwa, manya a gaba, a ce wa ya yarda wane ya ci gaba, kai kuma ga kawunka ya zuba maka ido ga wanda ya ranta maka kuɗin babur a gefe, wallahi hannun da kanshi yake tashi. Bana yara suka ce a'a, tunda kowa na biyan kotizasiyo to kowa ya zaɓa a ɓoye. Kuma ku tuna zaɓen ƙasa na ƙarshe a Nijar shi ne zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 21 ga Fabrairu 2021, duk wanda bai cika shekara 18 ba a lokacin bai taɓa jefa ƙuri'a ba, tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuwa ba a sake wani ba. Fiye da rabinmu haka suke, ƙanena ma har tambayata ya yi ninki nawa ake yi wa takardar.

Abin da ya burge ni da shagon shi ne yaron da ke kan kwamfuta. Na je mishi da sunaye a rubuce da bik, ya duba ya ce "Yaya, duka mutanenku na karanta boko?" Na ce ina fa, wasu allo kawai suka yi. Sai ya ce a sa hoton kowa da alama kusa da shi, wannan buta wancan zangarniyar gero ɗaya tauraro. Sannan ni da wayona na ce a sa wa kowace takarda lamba don kar a yi mana cushe, ya ce in ka sa lamba a jikin ƙuri'ar ai sakatare zai gane wa ya zaɓi wa, an koma gidan jiya kenan. Ya sa lambar a ɗan gefen da ake yagewa ya rage a hannunmu, bayan kowace takarda kuma muka buga tampon ƙungiya. Wannan shawarar kaɗai ta ci kuɗin, jikka 6 muka biya na takarda 100, ban ga tsada ba.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. An ce in zo Alhamis, na zo an ce ba kuran, kuma ba su da gurup, Juma'a na dawo mai shagon ya tahi Jibiya, sai Asabar bayan isha'i na karɓa alhali zaɓe da safe ne, sau uku ina biyan kabu-kabu daga aljihuna. Tawadar ma ta yi yawa, ɗaya daga cikin 'yan takarar fuskarshi ta fito kamar an shafa mata baƙin tukunya, da ba don butar ba ko uwarshi ba ta gane shi. Sai kuma mai shagon da ya ga hoton yarinyar da ke neman ma'aji ya kama dariya wai "ita ma wannan takara take?" Malam aikinka bugu, ina ruwanka.

Akwati ba su da shi, farin bokitin roba mai murfi muka tsaga da wuƙa mai zafi, muka ɗaura zanen gado jikin bedi ya zama wurin ɓuya. Wani baba na gefe yana ta cewa su lokacin Samariya, ƙungiyar matasa ta zamanin shugaba Kountché, ba su san wannan ɓata takarda ba, amma da aka fara ƙirga ana ɗaga kowace ƙuri'a sama ana ja da alli a allo shi ya fi kowa matsowa. Mutum 83 suka jefa, 4 suka lalace, ɗaya wani ya rubuta "duk ku tahi" a kai. Shugaban da yake cin zaɓe da hannu ɗari bisa ɗari ya sha da ƙyar da ratar ƙuri'a 5, yarinyar kuwa ta yi wa abokin takararta fintinkau, yanzu littafin kuɗi na hannunta.

In maki ne na ba su 7 cikin 10. Wanda zai je ya kai aikin da saura mako guda, ya ce a buga mishi guda ɗaya ya gani tukuna, kuma ya nemi yaron ba mai shagon ba, da yamma yake zuwa in ya taso daga karatu.